Kayana na cikin gininsu amma sun ce babu ruwansu da ni: wa doka ta ce zan bi bashi?

"Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan gini a Kano. Wani ɗan kwangila da ya samu aikin gina wa wani kamfani rumbun ajiya ya karɓi siminti da rodi na naira miliyan 9 a wurina, ya biya miliyan 3, ya ce sauran sai kamfanin ya biya shi kashi na gaba. Motata ce ta kai kayan har filin aikin, mai gadinsu ya sa hannu a takarda. Yau wata biyar ke nan ɗan kwangilar ba ya ɗaukar wayata. Na je wurin manajan kamfanin ya ce kada in damu, za a biya ni. Da na ji shiru na sa aka rubuta musu takarda, sai lauyansu ya amsa cewa babu 'privity of contract' tsakanina da su. Mene ne wannan? Ga kayana a jikin gininsu kowa na gani. Akwai kuma wanda ya kawo mini ɗan kwangilar tun farko ya ce ya san shi. Wa zan kama?"

Wa alaikumus salam, Malam. Mutum huɗu ne a cikin labarinka: ɗan kwangila, kamfani, manaja, da wanda ya haɗa ku. Abin da kake son sani shi ne wanne daga cikinsu doka ta ɗaura wa bashinka a wuya. Kalmar da lauyan ya rubuto maka sunan wata ƙa'ida ce da za mu kira alaƙar yarjejeniya, kuma abin da take cewa gajere ne: yarjejeniya tana ɗaure waɗanda suka ƙulla ta ne kaɗai. Wanda ba ya cikinta ba zai iya kai ƙara a kanta ba, ko da don amfaninsa aka yi ta, kuma ba za a iya ɗora masa nauyin da ke cikinta ba, ko da ya ci moriyarta.

A naka batun yarjejeniya biyu ce, ba ɗaya ba. Akwai wadda ke tsakanin kamfani da ɗan kwangila, ta gina rumbu a biya shi kuɗi. Akwai wadda ke tsakaninka da ɗan kwangila, ta ka ba shi kaya ya biya ka. Ɗan kwangila ne kaɗai ke cikin duka biyun. Kotu ba ta tambayar inda siminti ya ƙare, tana tambayar wa ya yi wa wa alkawari, kuma me aka bayar a madadin alkawarin. Shi ya sa bisa abin da ka faɗa, maganar lauyan nan tana da tushe. Sai dai ba ita ce ƙarshen zance ba, domin ƙa'idar tana da ƙofofi, kuma wasu daga cikinsu na iya zama a buɗe gare ka.

Daga ina ƙa'idar ta zo

Dokar yarjejeniya da manyan kotunan Najeriya ke aiki da ita gado ce daga Ingila, haɗe da dokokin gama-gari da ke aiki a can a ranar 1 ga Janairu, 1900. Shari'ar da aka fi danganta ƙa'idar da ita ta 1861 ce, kuma kan aure aka yi ta. Uban ango da uban amarya suka rubuta yarjejeniya cewa kowannensu zai ba ango kuɗi, uban amarya fam 200, uban ango fam 100. Uban amarya ya rasu bai biya ba. Angon, William Tweddle, ya kai mai kula da dukiyar marigayin ƙara, kotu ta kore shi. Sunansa na cikin takardar, don shi aka rubuta ta, amma ba shi aka yi wa alkawarin ba kuma bai bayar da komai a madadinsa ba.

A 1915 kotun ƙarshe ta Ingila ta ƙarfafa hakan a rikicin kamfanin taya na Dunlop da kantin Selfridge. Dunlop ya sayar wa wani ɗan sari tayoyi da sharaɗin kada a karya farashi. Ɗan sarin ya sa Selfridge ya sa hannu cewa idan ya sayar ƙasa da farashin zai biya Dunlop fam 5 kan kowace taya. Selfridge ya karya farashi, Dunlop ya kai ƙara, ya faɗi, saboda da ɗan sari Selfridge ya yi yarjejeniya. Kotun Ƙolin Najeriya ta bi wannan layi a 1965 a shari'ar Chuba Ikpeazu da bankin African Continental, inda ta ce banki ba zai iya tilasta aiki da wata yarjejeniya da ba ya cikin waɗanda suka ƙulla ta ba, ko da zai amfana da ita. Har yau kotunanmu na ambaton wannan hukunci.

Ƙa'idar tana da rabi biyu, kuma ba darajarsu ɗaya ba a ganina. Rabin da ke cewa ba a ɗora wa mutum nauyin da bai amince da shi ba adalci ne zalla. Ka sa kanka a matsayin mai gini: ka biya ɗan kwangila kuɗinsa cif, sai ga mai bulo, mai yashi, mai katako da kafinta sun yi layi a ƙofarka kowa na cewa ka biya shi. Da doka ta yarda da haka, da babu mai iya sanin nawa gininsa zai ci. Rabin da ke hana mutum neman abin da aka yi alkawari don shi kuwa ya sha suka, har Ingila da kanta ta sassauta shi da wata doka a 1999, wadda ta ba wanda aka ambata a yarjejeniya damar neman haƙƙinsa idan yarjejeniyar ta nufi hakan. Ghana ta riga ta, tun dokar yarjejeniyarta ta 1960. Waccan dokar Ingila ta 1999 ba ta aiki a Najeriya. Amma ka lura, ko da tana aiki ba za ta cece ka ba, sai idan yarjejeniyar kamfani da ɗan kwangila ta ambaci biyan masu kawo kaya. Matsalarka ta faɗa ne a rabin farko, wanda waɗannan dokokin ba su jefar da shi ba.

Mutum huɗun nan ɗaya bayan ɗaya

Ɗan kwangila shi ne bashinka ke kansa kai tsaye, kuma cewa ba a biya shi ba ba uzuri ba ne a kotu, sai idan kun amince a fili cewa biyanka ya rataya a kan biyansa. Ko a nan akwai bambanci tsakanin a ce "zan biya ka lokacin da aka biya ni", wanda yawanci maganar lokaci ce, da a ce "ba zan biya ka ba sai idan an biya ni", wanda ke mayar da asarar kanka. Abu na farko da za ka tantance shi ne da wa ka yi ciniki: da shi mutumin, ko da kamfaninsa? Duba sunan da ke kan rasit da takardar oda. Idan sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, to shi da kasuwancin abu ɗaya ne, gidansa da motarsa duk suna cikin abin da hukunci zai iya hawa. Idan kuwa kamfani ne mai iyakantaccen alhaki, doka na kallonsa a matsayin mutum daban da mai shi. Wannan ya kafu tun shari'ar Salomon ta 1897 a Ingila, kuma Dokar Kamfanoni ta 2020 na kan haka. Akan samu kamfanin da bai mallaki komai ba sai hatimi da takarda mai kan suna, alhali mai shi na hawa babbar mota. Kotu na iya tsallake kamfani ta kama mai shi, amma sai an nuna zamba ko cewa an kafa kamfanin ne don a fake da shi a guje wa wani nauyi, kuma ba ta yin hakan da sauƙi.

Kamfanin mai gini kuwa, sa hannun mai gadi bai mayar da shi mai saye ba. Abin da takardar ke tabbatarwa shi ne kaya sun isa filin, kuma wannan hujja ce mai kyau a kan ɗan kwangila idan ya musanta karɓa. Hanyar da za ta ɗaure kamfanin ita ce wakilci. Idan ɗan kwangilar ya saya ne a madadin kamfanin, to da kamfanin ka yi ciniki ko da ba ka taɓa ganin darakta ko ɗaya ba. Abin da ake dubawa: da sunan wa aka rubuta odar? Miliyan 3 da aka biya ka daga asusun wa ta fito? Shin kamfanin ya taɓa biyanka kai tsaye kan kayan da wannan mutumin ya karɓa a baya? Shin wani jami'insu mai iko ya taɓa ce maka ka ba shi kaya a asusunsu? Inda mutane ke tuntuɓe shi ne, faɗar ɗan kwangila cewa "ni wakilinsu ne" ba ta isa ba. Dole alamar ta fito daga kamfanin da kansa, da baki ko da aiki. Kuma akwai bambanci tsakanin wanda aka ba kwangila dunƙule, kaya da aiki duk nasa, da wanda aka ɗauka ya kula da leburori mai gini na sayen kaya. Na farko ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa. Na biyu sau da yawa wakili ne.

Maganar manaja ita ce wurin da ya fi kamata a tsaya, domin a nan aka fi yaudarar kai. "Kada ka damu, za a biya ka" magana ce mai daɗin ji, amma matsala uku gare ta. Na ɗaya, bai ce wa zai biya ba. Na biyu, ya faɗe ta ne bayan ka riga ka ba da kaya, kuma a wannan doka alkawarin da aka yi kan abin da ya riga ya wuce ba ya ɗaure kowa, tunda ba ka bayar da sabon abu a madadinsa ba. Na uku, idan ma lamuni yake nufi, wato ya tsaya wa ɗan kwangilar, dokar Ingila ta 1677 da muka gada, da dokokin jihohi da suka maye gurbinta, sun ce alkawarin biyan bashin wani sai an rubuta shi kuma mai alkawarin ya sa hannu kafin kotu ta tilasta shi.

Amma hoton na canzawa idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan. Idan saboda maganarsa ka ci gaba da kai sabbin kaya, ko ya roƙe ka ka dakatar da ƙarar da kake shirin shigarwa ka dakatar, to ka bayar da wani abu. Sannan kalmomin da ya furta suna da nauyi ƙwarai. Wanda ya ce "ka ba shi kaya, idan bai biya ba ni zan biya" lamuni ya yi, yana buƙatar rubutu. Wanda ya ce "ka ba shi kaya, ni zan biya ka" ya mayar da kansa mai bashin na asali, kuma wannan ko da baki ne yana kama shi idan akwai shaidu. Kotunan Ingila sun raba waɗannan biyu tun farkon ƙarni na 18, kuma har yanzu da wannan ma'auni ake aiki. Bayan haka sai a tambaya ko manajan na da ikon ɗaure kamfanin da bashin miliyan 6. Manajan filin aiki da babban manajan darakta ba ɗaya ba ne. Idan maganar ta zo a saƙon waya ko WhatsApp, kada ka goge, kada ka sayar da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da irin wannan hujja idan aka cika sharuɗɗansa.

Wanda ya kawo maka shi, idan iyakar abin da ya ce "na san shi" ne, babu komai a kansa. Gabatarwa daban, tsayawa daban. Dillali ma da ya karɓi la'ada bai zama mai lamuni ba saboda la'adar. Zai shiga ciki ne kawai idan ya tsaya masa a rubuce, ko kuma idan ya san mutumin mayaudari ne ya faɗa maka ƙarya da gangan don ka ba da kaya, wanda wannan kuma ƙarar yaudara ce, ba ta yarjejeniya ba.

Hanyoyin da ake isa ga kuɗin da ke hannun kamfani

Tambayar da ta fi duk sauran amfani gare ka ita ce: shin kamfanin na riƙe da wani kuɗi na ɗan kwangilar? A manyan ayyukan gini akan biya kashi-kashi bayan an auna aiki, kuma akan riƙe wani kaso, sau da yawa kashi 5 ko 10 cikin ɗari, har sai wa'adin gyaran kurakurai ya wuce. Idan akwai irin wannan kuɗi, hanya uku ke kai ka gare shi.

Ta farko ita ce ɗan kwangilar ya miƙa maka haƙƙinsa. Bashin da yake bin kamfani dukiya ce, yana iya mallaka maka ita. Don miƙawar ta ba ka ikon kai kamfanin ƙara da sunanka, sai ta kasance a rubuce, da sa hannunsa, babu sharaɗi a rataye, sannan a kai wa kamfanin sanarwa a rubuce. Amincewar kamfanin ba sharaɗi ba ce, sai idan yarjejeniyarsu ta hana miƙawa, abin da ya zama ruwan dare a kwangilolin gini. Daga ranar da sanarwa ta isa, idan suka biya shi maimakon kai, sun biya a banza. Aibinta shi ne kana gadon haƙƙin da duk lahaninsa: idan ya yi aikin banza kamfanin na da ikon cire diyya, daga naka za a cire. Kada kuma ka rikita wannan da wasiƙar da zai rubuta yana cewa "ku biya wane daga kuɗina". Irin wannan umarni ne kawai, gobe yana iya janye shi.

Ta biyu ita ce ku ukun ku zauna a sake lale: kamfani ya amince zai biya ka, kai ka saki ɗan kwangila, shi kuma a cire kuɗin daga nasa. Wannan sabuwar yarjejeniya ce, tana buƙatar yardar kowa, kuma ita ce ke samar da alaƙar da lauyansu ya ce babu. Ka yi hattara, da zarar ka sake shi ba ka da damar komawa kansa idan kamfanin ya gaza, sai idan an rubuta akasin haka.

Ta uku ba ta buƙatar yardar kowa. Ka kai ɗan kwangilar ƙara kan bashinka. Tunda adadin sananne ne, lauyanka na iya bin gajeriyar hanyar da dokokin manyan kotuna suka tanada don bashin da ba shi da wata kariya ta gaskiya. Da hukunci a hannunka, sashe na 83 na dokar zartar da hukunce-hukuncen kotu ya ba ka damar neman umarnin tare duk kuɗin da wani ke riƙe da shi na wanda ake bi, banki ne ko mai gini. Kotu na fara ba da umarnin wucin gadi, a kai wa kamfanin da ɗan kwangilar aƙalla kwana 14 kafin ranar zama, kamfanin ya zo ya faɗi ko yana riƙe da kuɗin, sannan a tabbatar da umarnin su biya ka. Da ma'aikatar gwamnati ce mai aikin, da sashe na 84 ya shigo da maganar neman izinin babban lauyan gwamnati, wanda ke ja wa mutane jinkiri. Naka kamfani ne mai zaman kansa, wannan bai shafe ka ba. Abin da ke kashe wannan hanya shi ne lokaci: idan sun gama biyansa kafin umarnin ya isa, babu abin tarewa.

Akwai wata ƙofa da ba ta dace da kai ba amma masu kayan gini su san ta. A 1951 a Ingila wani kamfanin fenti ya tabbatar wa masu wata gadar shaƙatawa ta bakin teku cewa fentinsa zai yi shekara 7, suka umarci ɗan kwangilarsu ya saya, fentin ya lalace cikin wata 3. Kotu ta ce akwai yarjejeniya ta gefe tsakanin masu gadar da mai fentin, ko da ba su suka saya ba. Wato idan ka yi wa mai gini alkawarin ingancin rodinka don ya sa a saya a wurinka, yana iya kama ka. Haka nan a wajen cutarwa, tun shari'ar Donoghue ta 1932 a Birtaniya, wanda kaya marasa kyau suka yi wa lahani na iya kai mai sarrafa su ƙara ba tare da ya saya a hannunsa ba, kuma dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018 ta tanadi irin haka. Inshorar mota ta dole ma an gina ta ne don amfanin wanda ba ya cikin yarjejeniyar.

Abin da ba za ka yi ba

Kada ka je da mota ka kwashe kaya. Da zarar an miƙa kayan da aka sayar, mallaka takan koma hannun mai saye ko bai biya ba, sai idan an rubuta cewa tana nan wurinka har a gama biya. Wanda aka riga aka zuba a gini kuwa ya zama ɓangaren ƙasar, ko da akwai wancan sharaɗin. Shiga filin da ƙarfi zai mayar da kai wanda ake tuhuma. Kada kuma ka ɗauki 'yan sanda a matsayin masu karɓo bashi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, sun kuma hana kama wani a madadin wani, kuma kotuna na cin waɗanda suka kai irin wannan ƙorafi tarar diyya. Inda laifi ke shigowa shi ne idan ya ba ka cek ka kai banki cikin wata 3 aka dawo da shi babu kuɗi, wanda dokar 1977 ta sa wa ɗaurin shekara 2, ko idan tun farko babu kwangilar ma ƙarya ya shirya.

Idan a kotun Musulunci ne, ko a ƙetaren iyaka

Fiƙihun Malikiyya ma ba ya ɗora wa mutum bashin da bai ɗauka ba, amma tsarinsa ya bambanta a wurare biyu da suka shafe ka. Lamuni yana tabbata da furuci idan akwai shaidu, ba lallai sai da rubutu ba, kuma asalinsa hadisin da ke cewa mai lamuni mai biya ne. Sai dai kamar yadda ya zo a Risala, ba a bin mai lamuni sai wanda ake bi ya rasa abin biya ko ba ya nan, alhali a dokar da muka gada daga Ingila mai bin bashi na iya zuwa kan mai lamuni da zarar an saɓa, ba sai ya fara kai mai bashin ƙara ba. Hawala kuma ita ce ta yi kama da hanya ta biyu da na ambata: idan wanda kake bi ya tura ka ga wani da shi ma yake bi bashi, ka yarda, ba ka komawa kan na farko ko da na biyun ya talauce, sai idan an ruɗe ka game da halinsa. Wace doka za a yi aiki da ita ya danganta ga su wa ke shari'ar, yadda aka ƙulla cinikin, da kotun da ke da hurumi.

Masu kai kaya Maraɗi ko Damagaram su sani cewa Nijar na bin tsarin Faransa. A can ma yarjejeniya masu ita take ɗaurewa, amma an yarda mutum ya sharɗanta wani abu don amfanin na uku, shi kuma ya nema. A lamuni kuwa dokar OHADA ce ke aiki, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da wasu ƙasashen Afirka, har da Nijar, ke bi: sai an rubuta, mai lamuni ya rubuta iyakar adadin da hannunsa da haruffa da lambobi, idan bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu.

Matakan yanzu, da na ciniki na gaba

Ban ga takardunka ba, kuma kalma ɗaya a kan oda ko a saƙon manajan na iya juya duk abin da na faɗa, don haka ka kai wa lauya su gaba ɗaya: rasit, takardar kai kaya, bayanin banki da ke nuna wanda ya turo miliyan 3, da saƙonni. A binciki sunan ɗan kwangilar a rajistar kamfanoni don a san wa za a rubuta a sammaci, domin kuskuren suna kaɗai na iya sa a kori ƙara. A aika masa takardar neman biya mai wa'adi, kwana 7 ko 14. A rubuta wa kamfanin kuma, ba da barazana ba, a sanar da su bashin, a nemi zama na mutum uku. Kamfanoni da yawa kan yarda su biya mai kaya kai tsaye idan ɗan kwangila ya sa hannu, don ba sa son aiki ya tsaya. Kotun Kano na da sashen sulhu da ya dace da irin wannan zama. Kada ka yi sanya: wa'adin shigar da ƙarar bashi shekara 6 ne a wurare irin su Legas da Abuja, 5 a wasu jihohi, amma kuɗin da ke hannun kamfanin ba zai jira ko wata 6 ba.

A ciniki na gaba, kafin mota ta bar shago, ka ƙulla alaƙar da kanka. Ko dai odar ta fito da sunan mai gini, ko ya sa hannu a takardar cewa zai biya ka kai tsaye daga kuɗin ɗan kwangila. Idan da kamfani kake ciniki, darakta ya sa hannu sau biyu, ɗaya a madadin kamfanin, ɗaya da sunansa a matsayin mai lamuni, da adadin kuɗi a rubuce. Idan mutum biyu ko uku ne suka karɓi kaya tare, a rubuta cewa bashin na kansu a haɗe kuma yana kan kowannensu shi kaɗai. Da wannan jumla kana iya karɓar dukan kuɗin daga wanda ya fi ƙarfi a cikinsu, shi ya je ya bi sauran kasonsu. Idan babu ita, wani zai ce kasonsa kawai ya sani. Haka idan an ce maka kamfanin reshe ne na wani babban kamfani amma yana da rajistar kansa daban, kada sunan uwar ya ruɗe ka: uwar kamfani ba ta biyan bashin irin wannan reshe sai ta sa hannu. Kuma bayan ka samu mai lamuni, kada ka ƙara wa mai bashi wa'adi a yarjejeniya, ko ka canza sharuɗɗan cinikin, ko ka yafe wa ɗaya daga cikin masu bashin haɗaka, ba tare da yardar sauran a rubuce ba, domin kowanne daga cikin waɗannan na iya sakin wanda ya tsaya maka.